In Jami'a Ta Rufe Ƙofa, Ina Ƙannenmu Za Su Dosa?

Kowane ɗayanmu da ya taɓa zuwa hutu gida a ƙasar Gumel ya san irin wannan zama. Da la'asar sakaliya, a gindin darbejiya ko a bakin shagon mai cajin waya, ko a Sule Tankarkar ne, ko Ɗanzomo, ko Jeke, za ka tarar da samari shida ko bakwai jere a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa. Ba jahilai ba ne, ba kuwa ɓata-gari ba ne. Ƙannenmu ne, waɗansu ma ajinmu ɗaya da su a sakandare, tare muka sha karatun dare, tare muka shiga mota zuwa wurin jarrabawa. Mu sunanmu ya fito, nasu bai fito ba. In ka gaishe su ka tambayi abin da ake ciki, amsar ba ta wuce ɗaya: “Wallahi Yaya, muna nan muna jiran adimishan.” Bara haka suka ce, bana ma haka, kuma in ba a tashi tsaye ba, baɗi ma abin da za su ce ke nan.

A kan waɗannan 'yan'uwa namu muke so mu yi magana a wannan fitowa ta mujallarmu. Ra'ayinmu kuwa shi ne, rashin samun gurbi a jami'a ƙaramar asara ce in aka gwada ta da shekarar da ke biyo bayansa, muddin aka bar shekarar nan ta ƙare a kan benci. Gurbi ana iya sake nemansa, amma wata goma sha biyu na ƙuruciya in sun wuce sun wuce ke nan. Saboda haka tambayar da ta kamata yaro ya yi wa kansa ran da ya tabbata sunansa bai fito ba ita ce, me zan yi da wannan shekara tun daga gobe da safe?

Bari mu fara da cire kunya daga cikin maganar, domin kunya ita ce ke fara daƙushe yaro. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, lokacin da jami'o'in ƙasar nan ba su wuce goma sha uku ba, masu neman shiga ke ta ƙaruwa fiye da yadda gurabe ke ƙaruwa. A 2025 mutum kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, kuma fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 ba daga cikin 400. Guraben jami'o'i kuwa ba sa ɗaukar ko rabin masu nema. Ashe ke nan wanda bai samu ba yana cikin mafi rinjaye, mu da muka samu mu ne 'yan tsiraru. In kuwa za mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikinmu ba kaifin ƙwaƙwalwa muka fi su ba. Wani ya dace da makarantar da ke da malamin Lissafi, wani yana da wa a Kano da ya nuna masa yadda ake cike takarda, wani kuwa ya saba da kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake zauna jarrabawar nan, alhali akwai yaran karkararmu da ranar jarrabawar ce ranarsu ta fari ta ɗora yatsa a kan na'urar. Wanda aka jefa kogi bai taɓa iyo ba, in ya sha ruwa ba a ce masa rago.

To amma cire kunya ba ya nufin a naɗe hannu a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, kuma mun yi imani da ita, sai dai ba ta hana mutum ya binciki inda ƙafarsa ta zame. Abu na farko da ya wajaba a kan wanda bai samu gurbi ba shi ne ya san dalili, domin likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Abin mamaki, in ka tambayi yawancin ƙannen nan namu me ya hana su, sai su ce “ba mu da kowa a sama.” Ba mu ce babu son kai a ƙasar nan ba. Amma in aka zauna aka duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa akan tarar da dalilin a fili yake, kuma bai wuce ɗaya daga cikin uku ba.

Na ɗaya, sakamakon sakandare bai cika ba. Jami'a na neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da mutum ke so, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin fannoni. Yaron da ba shi da kiredit a Turanci, ko ya ci maki 300 a JAMB aikin banza ne, amma sai ka gan shi kowace shekara yana sayar da buhun gero yana sake sayen fom, ya bar ainihin ramin a buɗe. Abin da ya dace da shi shi ne ya tattara ƙarfinsa a kan darasin da ya kayar da shi, ya sake zauna WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ko NABTEB in ɗan makarantar fasaha ne.

Na biyu, makin bai kai ba, ko kuwa ya kai amma an kai shi kasuwar da ba a sayensa. Wannan shi ne ciwon da ya fi yi mana illa. Yaro ya ci 190, ya ce shi sai aikin likita ko lauya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, inda masu 270 ma ke turereniya. Makin nan nasa da ya kai shi wani fanni na ilimi, ko aikin gona, ko kimiyya zalla a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da wataƙila yanzu yana aji uku. Ya kamata kuma a sani cewa ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta kasa gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani, kuma Jigawa na cikinsu. Watau ɗan Sule Tankarkar yana da ƙofa uku a jami'o'in da ke kusa da shi, in ya san inda zai ƙwanƙwasa.

Na uku shi ne rashin sanin yadda tsarin ke aiki, kuma shi ya fi ban takaici. Tun 2017 JAMB ta mayar da ɗaukar ɗalibai kan wani tsari na intanet da ake kira CAPS. Dole ɗalibi ya ɗora sakamakonsa na sakandare a can, in an ba shi gurbi kuma dole ya shiga da kansa ya nuna ya karɓa. Mun san wani ƙanenmu da ya bar wa mai shagon kwamfuta komai, har lambar sirrinsa, ya koma ƙauye yana jiran a kira shi. Sai bayan an rufe aka gano ba a ɗora sakamakonsa ba sam. Shekara guda ta tafi a kan aikin da bai fi minti goma ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda ya gano ciwonsa ya yi niyyar sake gwadawa, ba mu ce kada ya sake ba, sai dai ya sake da gyara. Albert Einstein, wanda duniya ke buga misali da shi a ilimin kimiyya, ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Zurik a ƙasar Suwizalan a 1895, ba a ɗauke shi ba. Ya yi zarra a Lissafi da Fiziks, amma sauran darussan suka kayar da shi. Sai ya koma wata sakandare a garin Aarau ya yi shekara guda yana cike giɓinsa, ya shiga makarantar a 1896. Darasin da ke cikin labarin nan ba wai kowa zai zama Einstein ba ne. Darasin shi ne, ya san inda ya gaza, kuma a aji ya yi shekararsa ta jira.

Yanzu sai mu zo kan maganar da muka san ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Jami'a ba ƙofa ɗaya gare ta ba, kuma ba ita kaɗai ce gidan ilimi ba. A cikin garin Gumel, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga Sule Tankarkar, akwai Kwalejin Ilimi ta Jiha, wadda ke horar da malamai tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha 100 ne, na jami'o'i kuwa 150. Kowace shekara gurabe masu yawa a kwalejojin ilimi na ƙasar nan kan ƙare babu mai so, a daidai lokacin da ake kokawa a ƙofar jami'a. Me ya sa? Saboda mun mai da N.C.E. abin gori. Mu da kanmu, 'yan jami'a, in mun koma gida mukan yi wa abokanmu na kwaleji kallon waɗanda suka faɗi. Ƙannenmu suna gani, suna ji, shi ya sa yaro ya gwammace a ce yana jiran jami'a shekara uku da a ce ya shiga kwaleji. Girman kai rawanin tsiya.

Bari mu yi lissafi, tun da lissafi ba ya son kai. Yara biyu sun gama sakandare shekara ɗaya, dukansu ba su sami jami'a ba. Na farko ya ce shi sai jami'a, ya yi shekara uku yana sake jarrabawa kafin ya dace, sa'an nan ya yi huɗu a jami'a, shekara bakwai ke nan. Na biyu ya shiga kwalejin Gumel a shekarar, ya yi uku ya karɓi N.C.E., ya nemi shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu, ya yi uku ya karɓi digiri, shekara shida ke nan. Ya riga ɗan'uwansa gamawa, yana riƙe da takarda biyu, kuma tun daga shekara ta uku yana da abin da zai nemi aiki da shi ya ɗauki nauyin sauran karatunsa. Wanda ya bi ta ƙaramar difloma, wadda shekara biyu ce, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse, ko ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, in ya fita da sakamako mai kyau shi ma hanyar shiga aji biyu a buɗe take gare shi. Akwai kuma shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi tun cikin shekarun 1970, karatun kamar shekara guda ne a darussa uku, wanda ya ci shi da kyau sai aji biyu. Yayyenmu da dama da ke manyan muƙamai yau ta irin waɗannan makarantu na share fage suka bi, kamar CAS ta Kano. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce albashin malamin firamare ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma a ofisoshi ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ko da aikinsu ɗaya. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba, kuma wannan zalunci ne da ya wajaba ƙungiyoyin ɗalibai da na ma'aikata su ci gaba da yaƙarsa. Amma a lura, zaɓin da ke gaban yaron da ke kan benci ba tsakanin N.C.E. da digirin likita ba ne, tsakanin N.C.E. ne da babu. Sa'an nan ba mu ce ya tsaya a nan ba, matakala ce muka nuna masa. In kuwa ana maganar daraja, a tuna cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, da Shehu Shagari duk da alli a hannu suka fara, kuma Shagari har ya zama shugaban ƙasa a 1979 bai taɓa riƙe digirin jami'a ba. A ƙarshe mu tambayi kanmu: me ya kayar da ƙannenmu a Turanci da Lissafi tun farko? Rashin ƙwararrun malamai a makarantun karkara. In duk mai ƙwazo a cikinmu ya guji koyarwa, wa zai koyar da na baya? Haka za mu yi ta zagaye wuri ɗaya kamar raƙumin da aka ɗaure a turke.

Haka nan fannin lafiya. Akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, akwai ta kimiyyar lafiya a Jahun. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda cikin dare daga wani ƙauye na Sule Tankarkar ko Gagarawa yana neman asibitin da zai sami ma'aikaciya, ya san cewa ungozoma ɗaya a garinsu ta fi masa likita goma da ke Abuja. Shiga waɗannan makarantu ma akwai gasa, ba mu ce sadaka ake rabawa ba, amma wanda ya nemi wuri uku ya fi wanda ya rataya ransa a wuri ɗaya.

Ga wanda hali bai ba shi damar barin gida ba, ko don shi ne babba a gidansu, ko don ya riga ya kama ɗan aiki a ƙaramar hukuma, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, kuma tana da cibiya a Dutse. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, mai ba da N.C.E. ta hanyar karatu daga gida. Kada wani ya raina irin wannan karatu. Nelson Mandela, bayan ya rabu da Jami'ar Fort Hare a 1940 saboda rikicin ɗalibai, ta hanyar wasiƙa ya ƙarasa digirinsa na farko a Jami'ar Afirka ta Kudu, yana aiki da rana yana karatu da dare. Wanda kuma kuɗin makaranta ne ke tsorata shi, ya sani cewa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, watau NELFUND, domin 'yan manyan makarantun gwamnati. Bashi ne, ba kyauta ba, sai a yi shawara da iyaye kafin a sa hannu, amma ya kamata a san da shi.

Ko wace hanya yaro ya zaɓa, akwai abin da muke ganin bai kamata shekarar nan ta wuce ba tare da shi ba, watau sana'a. Wani mugun ra'ayi ya shige mu, wai wanda ya gama sakandare ya fi ƙarfin fartanya da guduma. Sai ka ga saurayi majiyi ƙarfi, ubansa na gona tun asuba, shi kuwa yana kwance wai shi ɗan boko ne. Alhali ƙasarmu ba matalauciya ba ce ga mai ido. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da sauran ƙasashe, ana lodinsu zuwa kudu. Riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a wannan yashi namu har ƙasashen waje ake fitar da su, zoɓorodo ma har Meksiko yake kaiwa. A wannan ciniki ana bukatar wanda ya iya rubutu da lissafi, ya iya awo, ya iya riƙe littafin shiga da fita, ya iya magana da mai saye ta waya. Ga kuma aikin haɗa sola da gyaranta, da gyaran famfon tuƙa-tuƙa da injin rijiyar burtsatse, da gyaran waya, da walda, da ɗinki. Sau nawa famfon gari ke lalacewa a yi wata ana sayen ruwa, don kawai sai an ɗauko mai gyara daga Gumel ko Kano? Yaron da ya yi wata tara a gaban mai sana'a da safe, yana bitar littattafansa da yamma, zai shiga makaranta baɗi da abin sayen sabulu da takarda, ba sai ya jira an sayar da akuyar gyatumarsa ba. Mu da ke cikin jami'a mun ga bambanci da idonmu, domin duk lokacin da aka shiga dogon yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, masu sana'a a cikinmu su ne ba su tagayyara ba.

Duk abin da muka faɗa ya shafi 'yan'uwanmu mata, har ma ya fi. Namiji in bai samu bana ba ana yi masa uzuri har shekara uku, amma yarinya sau ɗaya ake ba ta dama, in sunanta bai fito ba sai a ce ai ga shi nan, an gwada ba ta iya ba, a rufe maganar. Ba mu ƙi aure ba, sunna ce kuma sutura ce. Roƙonmu ga iyayenmu shi ne, in za a yi, a sa maganar karatu cikin sharaɗi tun wurin neman aure, a gaban waliyyai, kada a bar ta ga alkawarin saurayi a zaure. Kwalejin Gumel kusa take, ana iya zuwa daga ɗakin miji. Mu ne muke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu a asibiti, mu ne kuma muke son mace ta koyar da 'ya'yanmu mata. To daga ina waɗannan mata za su fito in ba daga gidajenmu ba?

Sai gargaɗi. Duk inda aka sami mai ƙishirwa, akwai mai sayar da gurɓataccen ruwa. Akwai masu yawo suna cewa suna da hanya a jami'a, a kawo kuɗi kaza. JAMB ta sha nanata cewa duk gurbin da bai bi ta CAPS ba haramtacce ne, kuma wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya yana iya gama shekara huɗu a ce ba a san da shi ba. Akwai cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yaro amsa. Wanda ya shigo da irin wannan sakamako mun ga ƙarshensa a nan, shekara ɗaya ake yi a sallame shi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai kuma masu dillancin digirin ƙetare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, kuma a watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa jin irin wannan talla. Kafin uba ya sayar da gona ko sa, a bincika a tabbata hukuma ta amince da makarantar.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla, saura namu laifin da namu aikin. Yawancin abin da muka zayyana a sama ba kuɗi yake bukata ba, sani yake bukata, sanin kuwa yana hannunmu. Iyayenmu na karkara ba su san CAPS ba, ba su san bambancin difloma da digiri ba, mu suke kallo. Amma me muke yi da hutunmu? Mu sa sababbin kaya mu zaga gari, mu yi ta Turanci a majalisa, mu shirya bikin ƙungiya a ci a sha a watse. Muna ba da shawara ga ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, su mai da kowane dogon hutu lokacin aiki. A nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a ari aji biyu a makarantar firamare. Mai karanta Turanci ya ɗauki Turanci, mai Lissafi ya ɗauki Lissafi. Duk mai kwamfutar hannu ya zo da ita, ko guda biyar aka samu sun isa kowane yaro ya saba da ita kafin ranar jarrabawa. A keɓe rana guda a zauna da kowane yaro da takardunsa, a gaya masa gaskiyar inda makinsa zai iya kai shi, ko da gaskiyar ba ta yi masa daɗi ba. A gayyato 'yan'uwanmu na kwalejin ilimi da na makarantun lafiya su zauna a sahun gaba tare da mu, don ƙannenmu su ga cewa ba mu raina su. A je gidajen da aka cire rai da karatun 'ya mace, a durƙusa a gai da iyaye, a yi musu bayani cikin ladabi, in da hali a tafi da malamin unguwa ko wani dattijo da suke jin nauyinsa. Ma'aikatanmu kuwa, in mutum goma suka haɗa abin da ya sawwaƙa daga albashi, sun biya wa marayu biyu ko uku kuɗin jarrabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ƙannenmu, in wannan mujalla ta faɗo hannunku, ga saƙonmu a taƙaice. Jami'a ba ta ce ba ku da amfani ba, cewa ta yi bana babu wuri, ko kuwa akwai abin da ya rage ku cika. Ku ɗauko takardunku yau ku kai wa wanda ya sani ya duba muku. Ku zaɓi ƙofar da makinku zai buɗe, ku shiga ba tare da jin kunyar kowa ba. Ku nemi mai sana'a ku durƙusa masa. Rajistar jarrabawa kan zo ne a farkon shekara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Muna fata in mun dawo hutu mai zuwa mu tarar da bencin nan babu kowa da hantsi, in mun tambaya a ce mana wane yana Gumel, wane yana Jahun, wane kuma yana shagon walda sai bayan la'asar zai zo darasi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu amfani na bayanmu da shi, amin.